Shekarar da Baba Mai Kunne Ya Ajiye Makulli

Wannan babin na daɗe ina kewaye shi. Na ba ku labarin yadda kakannina suka sauka Lome da fataucin goro, na ba ku labarin aurena da uwarku, har labarin akuyar da ta cinye mini takardar haihuwa na rubuta, duk don kada in iso nan. To, yau na iso. Kun tashi kun tarar da kakanku na wajen uwa, Baba Garba, zaune kan tabarma a zaure da carbi a hannu, ba ya shiga gaban mota ko an roƙe shi. Kun kuma ji abin da mutanen Zongo ke faɗa, wai tsufa ne ya cinye masa ƙafa, ya kasa hawa dutse da mota, ubangidansa ya karɓe makulli. Ƙarya ce. Ba tsufa ba ne, ni ne. Ni Idirisu ubanku, mai faci a bakin kwalta, ni na yi masa wannan, kuma da taya huɗu na yi shi.

Sai kun san wane ne shi kafin ku gane abin da na ɓata. Baba ya fi shekara ashirin yana tuƙa wa Alhaji Tanko, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, wata ƙaramar bas fara. Da ita ake kai kaya shago, da ita ake kai iyali biki da gaisuwar mutuwa. Mitar motar ta mutu tun kafin in san su, kuma Baba bai taɓa neman a gyara ta ba, don shi da kunne yake tuƙi. Zai ɗan karkata kai, ya saurari inji, hannunsa ya sauya giya ba tare da wanda ke baya ya ji komai ba. Ana cewa tsohuwa na iya shan kokonta a motarsa tun daga Zongo har bakin teku, ko ɗigo ba zai taɓa mata zane ba. Shi ya sa ake ce masa Mai Kunne, kuma yana son sunan nan, ko da yake bai taɓa nunawa ba. Wannan mutumin ne ya ba ni 'yarsa lokacin da danginsa ke cewa me za a yi da mai baƙin hannu, wanda ke wuni da tsumman taya. Bayan auren kuma shi ya roƙi Alhaji a riƙa kawo motar wurina, don a ɗaga ni a idon mutane. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta surukai. Ba na kallon idonsa, shi kuma Malam Idi yake ce mini, ni da ko izu biyar ban haɗa ba.

A shekarar da nake magana ruwa ya yi mana yawa. Hanyar gidan Alhaji ta zama tafki, motar na ratsawa ruwa na shiga salansa, wata rana ma a tsakiya ta mutu sai da aka tura. Sai ga Nasiru, babban ɗan Alhaji, wanda ya gama makarantar Faransanci ya dawo yana ganin kowa a unguwa jahili ne. Ya zo rumfata ya ce in samo tayoyi manya a ɗaga motar sama da ruwa, kamar yadda ya ga ana yi wa motocin masu hali a unguwar Totsi. Ni kuwa rabona da wani ya kira ni patron, wato maigida, tun da aka haife ni, shi ko sau uku ya faɗa a zama ɗaya. Washegari na hau zemijan, wato acaɓan nan namu, na nufi Adakpame wurin Fo Kosi, wani dattijo ɗan ƙabilar Mina da ke sayar da tayoyin da ake saukewa daga jirgin ruwa. Na ga wasu huɗu da ƙarafunansu, an cire su daga wata ƙatuwar mota, kusan sababbi, zanensu har yana cizon hannu. Fo Kosi ya tambaye ni wace mota za a sa wa. Da na faɗa masa sai ya girgiza kai, ya ce da 'yar Hausarsa sun yi mata yawa. Na yi dariya na ce ai mai kuɗi ne ya aiko ni, ba shawara na zo saye ba.

Na ɗaura su, suka zauna, sai ɗan gugar da na gyara da guduma. Motar ta miƙe tsaye, ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Masu shayi da ke kusa da ni suka taso suna kallo. Da Baba ya zo ɗaukarta ya zagaya ta sau biyu, ya dafa taya ɗaya da tafin hannu, ya ce Allah ya sanya albarka, ya shiga ya tafi. Na lura da ya tashe ta ta ɗan yi nauyi kafin ta ɗauki hanya, amma na ce sabon abu ne, za ta saba.

Bayan kamar mako biyu ya dawo, da hantsi. Nasiru na zaune a bencina da wani abokinsa da ya kawo mini, shi ma yana so a ɗaga masa mota. Baba ya yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, ya tsaya yana murza hularsa a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Malam Idi, tambaya gare ni, kada a ji haushi. Tun da aka sa mata takalman nan ba ta amsa mini kamar da. In na taka sai ta yi tunani tukuna. Inda nake hawa da giya ta biyu, yanzu sai na koma ta ɗaya. Ko tayar ce?"

Nasiru ya juya ga abokinsa ya ce da Faransanci tsufa ne, suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Yana zaton Baba ba ya ji. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana magana da jandarmomi a hanya! Ni kuma ga sabon mai ciniki yana kallon bakina. Na ji zuciyata ta yi zafi, wai a gaban mutane za a ce aikina da gyara.

"Haba Baba, taya ai taya ce. Juyawa kawai take yi. Ƙarfi a inji yake, ku sa a duba inji."

Ya ce to, Allah ya sa haka ne, ya mai da hularsa. A ranar ban yi masa ƙarya da gangan ba, rabin zuciyata ta yarda da abin da na faɗa. Ɗaya rabin kuwa tana tuna Fo Kosi yana girgiza kai.

Baba ya bi maganata, don bai ga dalilin da mijin 'yarsa zai ruɗe shi ba. Ya kai ta gareji aka sauya fulogi, aka wanke kafireto, aka duba kuloci, bakanike ya rantse inji lafiyarsa lau. Motar dai ba ta sauya hali ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya sai ta yi lumui tana tafiya, inji ya yi shiru kamar ba ya aiki, amma wurin tashi daga tsaye ko ɗan tudu sai ta riƙa nishi. Kunnen da ya dogara da shi duk rayuwarsa ya fara faɗa masa abin da ba haka ba. Uwarku ta dawo daga gidansu wata rana da yamma idonta ja. Ta ce mini Baba ba ya cin abinci, ya sa ta tsaya bayan ƙofa tana kiran sunan ƙanwarta a hankali don ya gwada ko jinsa ne ke raguwa, kuma ta tarar yana ɗiga man zaitun a kunne. Ta ce, Malam, ka san harkar mota, ka taimaka masa mana. Na ce mata in sha Allahu, na ci gaba da cin tuwona, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

Abin ya dame ni har na koma Adakpame ba don sayen komai ba. Fo Kosi bai ce mini na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauko taya irin ta asalin motar da irin wadda na sa, ya shafa wa kowace alli a wuri ɗaya, ya gara su a kan siminti har allin ya sake taɓa ƙasa. Babbar ta wuce ƙaramar da taƙi guda da 'yan yatsu. Ya ce to ka gani, juyi ɗaya ne inji ya ba su duka biyun, amma wannan ta ja motar ta fi nisa, wa zai biya wannan nisan in ba inji ba? Ƙarfin da yake bayarwa bai ƙaru ba, hanyar da zai raba shi a kanta ce ta ƙaru. Ya ce kamar ka ɗauki buhun masara a ka ne a ce ka hau bene kana tsallake matakala bibbiyu. Giya ta ɗaya ta zama kusan ta biyu, ta biyu ta leƙa ta uku, kowace ta hau sama ba tare da direba ya taɓa ta ba. A fili za ka ji daɗi, a tudu da kaya za ka yi kuka. Na tsaya ina kallon layukan allin nan biyu. Shekara goma sha ina taɓa taya kullum, ban taɓa sanin tana cikin lissafin giya ba. Kai Hamza, ranar da ka zo mini da motarka mai ƙatuwar taya kana washe baki, na yi maka tsawa har matarka ta tsorata, to ga dalili, ba haukan tsufa ba ne.

A kan zemijan ina dawowa na shirya maganar tsaf. Zan wuce gidan Baba, in durƙusa, in ce ku ne da gaskiya. Amma da muka iso Zongo sai na ce wa mai babur ya sauke ni a rumfa tukuna. A can na tarar da motoci biyu suna jira, duk Nasiru ya turo su, ana ta cewa ga mai ɗaga mota ya dawo. Ku faɗa mini, ta yaya zan je in ce wa Alhaji abin da na ɗaura masa kuskure ne, in ce wa Nasiru tsohon da ya yi wa dariya ya fi mu sani? Haka na tambayi kaina a lokacin, kuma na sami amsar da nake so. Na ce damina ta kusa wucewa, in ruwa ya janye sai in ce lokacin manyan taya ya ƙare, in mai da ƙanana, kowa ya huta, ba wanda ya ji kunya. Na ga dabarar nan ta yi kyau har na yaba wa kaina.

Ruwa bai gama janyewa ba aka aiko daga Mango, can arewa, cewa ƙanin mahaifin Alhaji ya rasu. Aka shirya tafiya gaisuwa. Da safe Baba ya tsaya a rumfata in duba masa iska. Motar cike take, Alhaji a gaba, mahaifiyarsa Hajiya Babba da sauran mata a baya, buhunan shinkafa da jarkokin mai a sama an ɗaure. Na san hanyar, na san bayan Sokode akwai hawan Alejo, inda titi ke nannaɗe dutse, manyan motoci na rarrafe. Ina tsugune a gindin tayar ina riƙe da abin awon iska, Baba na tsaye a kaina, ba kowa kusa. Kalma shida ta isa: Baba, ku sauke giya da wuri. Ko ita ban faɗa ba, don in na faɗa zai tambaye ni dalili. Na miƙe na ce iska ta yi daidai, Allah ya kiyaye hanya.

Abin da ya faru a dutsen ban gani ba, amma matan da ke ciki sun ba da labarinsa a kowane gidan suna har na haddace. Sun tarar da wata tirela tana jan ciki a tsakiyar hawan. Baba ya bi bayanta yana sauraron inji, ya sauke giya a daidai inda kunnensa ya saba ce masa ya sauke. Da tsofaffin tayoyin, daidai ne. Da nawa, ya makara. Ya koma ta biyu ba ta ɗauka ba, ya nemi ta ɗaya, motar ta yi tari ta mutu, ta fara komawa baya, ga rami a gefe. Mata suka ɗauki salati. Ya danne burki ya ja na hannu ta tsaya, aka sa duwatsu a bayan taya. Sau uku yana tashinta da mutane a ciki tana ƙi, har ƙaurin kuloci ya cika motar. Dole kowa ya sauka. Hajiya Babba, tsohuwar da ko masallacin unguwa sai an kai ta, ita ce ta hau sauran dutsen nan da ƙafa cikin rana, tana rataye a kafaɗar ɗanta, tana tsayawa tana haki. Ba wanda ya ji ciwo. Amma an ce da suka iso sama suka tarar da Baba na jiransu a gefen motar, ya kasa ɗaga kai.

Alhaji ba mugun mutum ba ne, kada ku riƙe shi. Bai yi faɗa a hanya ba. Sai da suka dawo Lome ya kira Baba cikin gida, ya ba shi turmin shadda da buhun shinkafa.

"Malam Garba, ka yi mana, Allah ya saka da alheri. Amma ka gaji. Ba zan iya sake sa uwata a hannun sa'a ba."

An ce Baba bai yi musu ba. Shi da kansa ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan darduma, ya yi godiya, ya taka da ƙafa zuwa gida. Bai ambaci taya ba. Na sha tambayar kaina ko don ya yarda da ni ne, ko don kada ya tona mijin 'yarsa. Ko wanne ne, nauyinsa ɗaya a wuyana.

Yanzu ga abin da ya fi komai muni, ku karanta a hankali. Nasiru ya samo sabon direba da zai fara aiki ranar Asabar, ya kawo mini motar ranar Juma'a in duba ta. Na ce masa dutsen ya tsattsage gefen tayoyin, ga shi ruwa ya janye, gara a koma ƙanana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi yadda na gani. Da aka yi kiran salla unguwa ta watse zuwa masallaci, ni ban je ba. Na zauna ni kaɗai da jak da sifana na sauke manyan nan huɗu na mai da irin na asali, ina jin huɗuba daga nesa. A raina gyara nake yi. Ina cewa aƙalla ba za ta sake mutuwa da mutane a kan dutse ba. Ban tsaya na yi tunanin abin da mutane za su gani ba, su da ba sa kallon ƙafar mota: tsoho ya sauka, yaro ya hau, mota ta warke.

Gidan Baba, kun sani, yana bayan ɗan tudun jan ƙasar nan da ake hawa a fita kwalta. Duk safiya motar Alhaji ta nan take bi. Tun da ya dawo bai leƙa waje ba, kunya ta hana shi, amma katanga ba ta hana sauti. Uwarku na can ranar Asabar ɗin ta kai masa koko. Ta ce suna zaune sai ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, ya karkata kai yadda ya saba. Motar ta zo ta haye tudun a guje ba ko nishi. Sai ya ce:

"Da ta biyu ya hau. Ashe lafiyarta ƙalau. To, ni ne."

Ta ce daga nan ya ture kokon. Da ta ba ni labari na shiga banɗaki na yi kuka kamar yaro, na wanke fuska na fito na tafi aiki.

Shekara tara ya yi bayan wannan. An zo ana neman ya tuƙa wa wasu, har wani ɗan canji daga Kojobiyakofe ya aiko sau biyu, ya ce a'a, ba zai ɗauki ran mutane da ƙafar da ta mutu ba. Ya hana a kira shi Mai Kunne. Ba a daɗe ba aka sayar da motar aka kai ta Nijar, shaidar ma ta tafi. Ni kuwa duk Juma'a ina zuwa gaishe shi, in zauna a bakin tabarma. Na shiga zauren nan da niyyar faɗa ya fi a ƙirga. Sai in buɗe baki in ji ina tambayarsa ƙafa da jiki, muna zancen ruwa da tsadar masara. Kowace shekara maganar na ƙara nauyi, don yanzu ba kuskuren taya kaɗai zan amsa ba, har da shirun bara da na bara waccan. Uwarku ma ta koma ga Allah ba ta sani ba, tana yi mini addu'a wai na riƙe mata uba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata Laraba bayan la'asar, ya aiko a kira ni. Na tarar da shi kwance ya rame, mata na gefe. Ya ce su ba mu wuri. Na ce a raina shi ke nan, ya sani, kuma wallahi har wani sanyi na ji, don na gaji da ɗaukar abin. Ya miƙo hannu ya kama nawa, karo na farko tun da na auri 'yarsa.

"Malam Idi, akwai hakkinka a kaina, ba na so in tafi da shi. Shekarar nan da na kasa, na zargi aikinka. Har a gaban mutane na tambaye ka ko tayar ce. Bayan nan ma na daɗe ina zarginka a zuciya, alhali laifin a jikina yake. Ka yafe mini."

Yana kallona, idonsa duk ruwa, yana jira. Ɗakin ba kowa sai ni da shi da Allah. Na buɗe baki, 'ya'yana, ga abin da ubanku ya ce:

"Na yafe, Baba."

Ya ce alhamdu lillahi, ya saki hannuna. Ranar Juma'a muka kai shi.